Yadda Mai Nasara Ya Rina Mini Gemu

Ranar Talata, takwas ga watan Rajab, shekara ta dubu ɗaya da ɗari uku da takwas bayan Hijira, da hantsi, a karofin Tasawa, aka fara cin mutuncina. Na faɗi ranar ne don kada gobe wani ya ce tsufa ya rikita Malam Gazali. Ban rikice ba. Na daɗe ina karantar da yaran garin nan kafin ciwon gwiwa ya sa na miƙa makaranta ga ƙanena, kuma rabin masu gemun da ke yi mini dariya yau a hannuna suka koyi riƙon alƙalami. Tun da idon Liman ya yi rauni, ni nake jan sallah a masallacin unguwarmu. Yanzu an ce in dakata. Don haka a saurara, zan jera magana yadda ta faru, ba ƙari ba ragi.

Wanda nake ƙara shi ne Mai Nasara marini, ɗan marigayi Na Allah. Shi ma ya zauna a gabana yana yaro. Bai taɓa cika allo ɗaya ba, amma ko a lokacin in ka tambaye shi sai ya ce ya kusa sauka. Da wannan halin ya girma, jiki ya ƙaru, baki ya fi jikin ƙaruwa.

A ranar da na ambata, na kai tsohuwar rigata don Gado, Sarkin Karofi, ya sabunta mata launi. Ina zaune gindin tsamiya kusa da Barira mai fura, sai ga Hindu, tsohuwar nan mai saida daddawa, wadda tsawonta da kaɗan ya wuce turmi. Ta zo karɓar zanen da ta ba Mai Nasara ya rina. Ya miƙo mata wani abu rabi shuɗi rabi fari, duk ɗigo-ɗigo, gefe ɗaya kuma akuya ta yi kalaci da shi.

"Ɗan nan, mene ne wannan?"

"Zanenki ne, Inna. Sabon yayi ne, bana ya fito daga Katsina. Bayan zabo ake ce masa."

"Wannan ɓarakar fa, ita ma daga Katsina ta zo?"

"Ta shan iska ce, Inna. Bazara na tafe."

Hindu ta zare ludayi daga ƙwaryar Barira, ta yi ɗage, ta ƙwala masa a tsakar ka. Sau ɗaya. Ta jefa masa zanen, ta ce ya gyara kafin kasuwar Lahadi, ta mayar da ludayi inda ta ɗauka, ta yi tafiyarta. Ludayin ko tsagewa bai yi ba. Barira ta ɗauraye shi ta dama mini fura da shi.

Kafin azahar, tsohuwa ta zama ƙarti uku da kulake. Kafin la'asar sun zama bakwai, bisa dawaki. Washegari na tarar an ƙara musu takubba, kuma wai Mai Nasara ya kayar da biyu da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana riƙe da rigar wani don kada ta taɓa ƙasa. Duk inda ya ba da labarin, da magana ɗaya yake rufewa: "In ba ku yarda ba, ku tambayi Malam Gazali, a gabansa aka yi."

Mutane kuwa suka tambaya. Na ce tsohuwa ce, ludayi ne, bugu ɗaya ne. Sai ga shi a ƙofar gidana.

"Allah shi gafarta Malam, ashe ido ya fara tafiya?"

"Idona ya ga ludayi."

"Gatari ne, Malam."

"Da gatarin aka dama mini fura?"

Ya gyara tsayuwa, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Wanda ya raina hari, da shi aka kitsa shi."

A riƙe wannan maganar. Ita ce tushen komai.

Ranar ya tara masu rini, ya hau kan wani juyayyen turmi, ya ce:

"'Yan'uwa masu baƙin hannu, har yaushe? Mahauci yana da wuƙa. Maƙeri yana da guduma da wuta. Wanzami ma, da bai iya ɗaga tulu, in ya ɗora maka aska a maƙogwaro sai ka ce masa ranka shi daɗe. Mu fa? Muna tsugune, kai cikin rami, baya ga hanya, kowa ya zo ya shure mu ya wuce. Daga yau karofin Tasawa ya zama birni. Wanda ya ɗaga mana hannu, ba zai koma gida da shi ba."

A nan dole in yi adalci, don ni ba Mai Nasara ba ne. Masu rini suna shan wuyar mutane. Bara wani ya fasa wa Wada baki a kan rigar da ba ta bushe ba, an kuma taɓa hankaɗa Ɗan Azumi cikin toka saboda rawanin da ba shi ya karɓa ba. Ciwon na gaskiya ne, maganin ne na mahaukaci. Shi ya sa Wada da Ɗan Azumi da sauran samarin suka ce sun bi.

Gado ya ce, "Ni tun ina yaro makamina ɗaya ne. In rina kayan mutum da kyau, in ba shi ranar da na ce."

"Wannan makamin tsofaffi ne, Baba Gado."

"To, ku yi haukanku. Amma kada a taɓa mini rami, kada a taɓa mini murfi."

Makami na farko mashi ne. Mai Nasara ya sa aka tattaro muciyoyi, dogayen sandunan nan da ake motsa rini da su, aka fere bakinsu aka gasa a wuta. Ya ce ta haka marini yana aiki yana riƙe da makami, ba sai ya tashi nema ba. Abin da bai tuna ba shi ne da sandar nan ake danna kaya cikin rami. Wanda ya fara ɗanɗanawa Mamudu ne, wani falke daga Mayahi. Ya ɗaga rigarsa ga rana, rana ta leƙo shi ta wurare da dama.

"Wa ya harbi rigata?"

"Ba harbi ba ne, baƙo. Shaida ce ta cewa a karofi mai tsaro aka rina ta."

"Ni riga na kawo, ba rariya ba!"

Mamudu ya cakumi wuyan Mai Nasara. Mai Nasara ya yi ihu, "Mashi!" Ya wawuro nasa, amma mashin da ya fi mutum biyu tsawo ba ya sukar wanda ke riƙe da wuyanka. Ya ja shi baya don ya sami fili, gindin ya sami Wada a baki, daidai inda aka fasa bara.

Barira ta ce, "Madalla. Da baƙo ke fasa muku baki, yanzu kun huta da jiran baƙo."

Makami na biyu shi ne wanda ya fi taƙama da shi. Ya samo kara ya rarake cikinsa, ya cusa garin barkono, ya ce sunansa bindigar talaka. In maƙiyi ya matso, ka hura masa a ido. Ya raba wa kowa kara da ɗan ƙunshin barkono a ɗaura a ƙugu. Ya kira Ɗan Azumi gaban jama'a don gwaji, ya sa masa kara a baki, sannan ya ce, "To, ja numfashi sosai, ka hura."

Ɗan Azumi mutum ne mai biyayya. Ya ja numfashi sosai.

Ban taɓa ganin ƙato ya yi irin wannan rawar ba tare da kiɗa ba. Ya yi tsalle, ya durƙusa, ya rungumi tsamiya, ya nufi ƙwaryar Barira ya kafa kai ciki kamar sa a kwami. Garin birgima ƙunshin ƙugunsa ya kwance ya faɗa ramin Gado. Samarin suka dubi juna. Mai Nasara ya ɗora yatsa a baki, ya ce sirrin yaƙi ne.

To, duk wanda ya san karofi ya san al'adar tsofaffin masu rini. Da safe, kafin a tsoma kaya, sukan sa yatsa cikin rami su ɗora a harshe, su ji ko rini ya nuna. Gado ya zo da safe, ya yi bismillah, ya ɗanɗana. Hawaye ya gangaro masa har gemu.

"Wa ya yi miya a ramina?"

"Ƙarfin baban rini ne, Baba Gado," in ji Mai Nasara. "Bana ganyen ya yi kyau."

Kafin a gano, an riga an tsoma rawanin Salifu mai shela a ramin nan tun jiya da yamma, an shanya, an ba shi. Salifu ya naɗa, ya ja amawali ya rufe hanci kamar yadda ya saba, ya fita shelar ɓatan wata saniya. Aka ji shi daga bakin kasuwa: "Jama'a, ana cigiyar... atishe! Wata ja... atishe! Mai ƙaho... wayyo idona!" Har yau ba a ga saniyar ba, don ba wanda ya ji kamanninta.

Mai hankali da ya tsaya nan. Mai Nasara ya ce duk birnin da ba a ji ciwo wajen gina shi ba, ba birni ba ne. Ya je wurin Barira.

"Yaya Barira, aron ƙoren nan naki nake so."

"Na mene?"

"Kwalkwali."

"Kan da ludayi ya girgiza, ƙwarya za ta tsare? Tafi ka ba ni wuri."

Ya jira ta tayar da sallah, ya kwashe. Daga ranar masu rini suka koma aiki da ƙwarya a ka, an ɗaure da igiya ta ƙarƙashin haɓa, in sun sunkuya ta zamo ta rufe musu ido. Ya kuma samo ƙahon sa ya rataya a wuya. Ya ce in an ji busa, kowa ya bar abin da yake yi ya ɗauki makami.

Busa ta farko, iska ce ta kaɗa wata riga a kan shanya. Busa ta biyu, wai don ya ga ko suna ji. Busa ta uku jaki ne. Wani bawan Allah daga Atantane ya kawo wake kasuwa, jakinsa ya saki hanya ya nufi inuwar tsamiya. Mai Nasara ya hango kunnuwa ta bayan shanya, ya busa, ya ce, "Mahayi! Ga na farkonsu nan!" Wada ya ruga ya hura wa jaki barkono a hanci. Jaki ya yi atishawa, ya juya, ya ba Wada ƙafa biyu a ƙirji, ya watsar da wake, ya bi ta cikin shanya ya fita da rawuna uku a wuya kamar wanda aka naɗa sarauta. Mai jakin ya iso, ya ga wakensa a ƙasa, ya ɗauki sandar kora. Ba sai na faɗi sauran ba. Ƙwarya dai ta yi amo.

Barira ta ce da Mai Nasara, "Kai ɗan Na Allah, kafin ka kawo tsaro, sau ɗaya a shekara ake dukanku. Yanzu kullum ne."

"Ai shi ya nuna maƙiya sun tsorata, Yaya. Suna gaggawa."

Ranar Asabar Gado ya tafi ta'aziyya wani ƙauye. Bai yi nisa ba Mai Nasara ya taɓa abin da aka ce kada ya taɓa. Kowane ramin rini yana da murfi na saƙar ciyawa, mai tsini kamar ɗan jinka, don kada rana ta kashe rini. Kuma marini ba ya kallon ƙasa in yana tafiya a karofi. Murfi yake kallo, ya bi tsakaninsu. Tun yana yaro haka ƙafarsa ta saba. Mai Nasara ya dubi murfi, ya ga garkuwa. Ya sa aka ɗaura wa kowane igiya ta ciki, aka rataya a hannu. Ɗan Azumi, wanda muryarsa ba ta gama dawowa ba, ya ce a hankali, "Rini zai mutu fa."

"Rini ya mutu a haɗa wani. Marini ya mutu, wa zai haɗa shi?"

Bai tsaya nan ba. Akwai wani rami a bakin hanyar da ke ratsa karofi zuwa masallacinmu. Ya shimfiɗa masa tsohuwar tabarma, ya barbaɗa rairayi, ya ce wannan tarkon shugaban mahara ne. Sannan ya ɗaure zanen Hindu a kan doguwar sanda ya kafa tsakiyar fili, wai tuta. Ya aika aka faɗa a unguwanni cewa ranar kasuwa za a yi gwajin yaƙi, kowa ya zo ya ga yadda talaka ke tsare kansa.

Ranar Lahadi, rana ta kusa tsaka, na fito da sandata zan karɓi rigata in wuce masallaci. Na tarar da karofi cike da 'yan kallo, mutanen gari da na ƙauye. Masu rini sun jeru, ƙwarya a ka, murfi a hagu, mashi a dama, kara a bayan kunne. Barira ta ce, "Malam, da ka zaga ta baya." Na ce mata hanyar nan ta jama'a ce, ina bin ta tun ba a haifi Mai Nasara ba. A rubuta cewa ba ta ce mini akwai rami ba. Ta ce ita ma ba ta sani ba, na kuma yarda da ita.

Mai Nasara ya tare ni.

"Dakata, Malam. Ba a shiga da makami."

"Wane makami?"

"Na hannunka."

"Wannan ƙafata ce ta uku, marar kunya."

"Jama'a ku shaida, ya ƙi ajiyewa. Na faɗa muku tun ranar Talata akwai nasu a cikinmu."

"Kauce mini, ɗan Na Allah. Ubanka mutumin kirki ne, ban san inda ya samo ka ba."

Ya kauce kuwa, da wani irin sauri da ya kamata in yi shakkarsa. Na taka rairayi. Ƙasa ta tafi.

Ramin rini ya fi tsawon mutum. Allah ya taimake ni sandata ta gitta bakin ramin, na riƙe ta da hannu biyu. Na nutse har hula, na taso, na ji busar ƙaho a kaina, da muryar Mai Nasara: "An kama shi! An kama shugabansu!"

Ɗan Azumi ya miƙo hannu zai jawo ni. Mai Nasara ya buge hannun.

"Sai ya faɗi inda sauran suke. Malam, ina dawakin?"

"Ludayi ne!" na ce, hannuna ya zame, na koma ciki.

Na taso. "Su nawa ne, Malam?"

"Tsohuwa ɗaya!" Na sake komawa.

Haka muka yi ta yi. In taso in sha iska in faɗi gaskiya, in koma. Kowa ya san haka ake rini: a tsoma, a ɗaga ya sha iska, a sake tsomawa, kowane tsomi launi na ƙara kamawa. Kuma duk karofin, ramin nan kaɗai ya kwana a rufe, shi kaɗai rininsa ke da rai.

Ina cikin wannan hali sai jama'a suka dare. Hindu ce, ta zo karɓar zanenta kamar yadda ta ce. Ta ɗaga kai ta gan shi a kan sanda yana kaɗawa, akuya ma ta ƙara cin wani gefen. Ta miƙa hannu, ba tare da ta waiwaya ba. Barira ta ɗora mata ludayi a tafi.

Mai Nasara ya ga ludayi, muryarsa ta koma ta ɗan tsako. "Hari! Su ne! Bindiga, ku hura!"

Hindu ta gabas ta shigo, iska na bayanta. Ƙarti shida suka hura barkono gaba ɗaya, iska ta karɓa ta mayar musu, ba ta rage ko ƙwaya ba.

"Garkuwa sama! Ku ja da baya!"

Suka ɗaga murafe suka rufe fuska, ido na zuba, ƙwarya ta zamo, suka ja da baya. Ƙafarsu na neman murfi don ta san inda rami yake, murfi kuwa yana hannunsu. Wada ne ya fara: tsulum. Sai na kusa da shi. Sai Ɗan Azumi, wanda ya ce "Na faɗa" kafin ruwa ya rufe bakinsa. Ɗaya bayan ɗaya, kowa da raminsa, kamar an raba musu gado. Murafe suka bi su suka kife a kansu, karofi ya koma yadda Gado ya bar shi, sai dai kowane murfi yana tari.

Mai Nasara ya jefar da mashi ya zura da gudu, ƙwarya ta rufe masa ido, ya faɗa ramin da ake zuba tsohon dagwalon rini, mai warin da ke korar ungulu. Ya kafe har ƙirji. Hindu ta tako a hankali, ta kwance zanenta daga kan sandar tuta, ta ninke, ta ɗora a ka. Ta tsaya bakin ramin.

"Ɗan nan, dawaki nawa ka ce?"

"Inna, ki yi wa Allah."

"Ƙwal!" Ƙwarya ta rabe biyu, ta zamo ta kunnuwansa. Ludayin wannan karon ma bai tsage ba.

Kasuwa gaba ɗaya ta kwanta da dariya. Mai jakin Atantane har da zama a ƙasa. Barira da Salifu mai shela ne suka tuna da ni, suka jawo ni da sandata. Ban sami azahar cikin jam'i ba, a karo na farko tun rasuwar mahaifina.

Da Gado ya dawo, ya tarar rinin ramukansa ya mutu, ya tara muciyoyin da aka fere da kararen barkono ya cinna musu wuta, hayaƙin ya sa unguwa atishawa har la'asar. Ya zo gidana ba da haƙuri, ko da yake ba shi ya yi laifi ba. Ya dubi gemuna, ya kama shi da yatsu biyu, ya juya shi ga haske, ya ce, "Malam, ka gafarce ni, amma bana karofin nan bai fitar da launi kamar wannan ba. Wannan ba zai koɗe ba." Na gode masa. Fata ta saki bayan wanka da toka da sabulu. Gemu, wanda yake fari fat kamar auduga, ya riƙe. Shuɗi ne mai duhu, yana ƙyalli in rana ta taɓa shi.

Ga inda abin ya kai. Na koma jan sallah, na yi sallama na juyo, sahun farko ya sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Washegari wani ya fashe da dariya tun kafin in juyo, ya ɓata sallarsa da ta na kusa da shi. Dattawan unguwa suka zo suka ce ko in aske, ko in ja baya har abin ya lafa. Gemun da ban taɓa sa wa aska ba tun ina saurayi, in aske shi saboda ɗan Na Allah? Na ce ba zan aske ba. Suka sa Jaji gaba, yaron da ni na koya masa alwala.

Da a nan ta tsaya, da na haƙura na jira sabon gashi. Amma Mai Nasara, da ya ga Tasawa ta yi masa zafi, ya tafi wurin kawunsa a Atantane, kuma bakinsa ya bi shi. Can yana faɗa wa mutane cewa ya kama shugaban mahara da hannunsa, wani tsoho mai shigar malamai, ya kuma yi masa alama a gemu don duk ƙasa ta gane shi. Labari ya kai Mayahi. Kasuwar da ta wuce, ina tafe, wasu mata 'yan ƙauye suka gan ni suka rufe kayansu da zane. Wani ya jawo akuyarsa kusa da ƙafarsa, ya ce da ɗan'uwansa, "Shi ne." Ni, Gazali, da ban taɓa ɗaukar ko tsinken wani ba. Dattawa kuma suka ce yanzu ko gemu ya koma fari, da wuya a bi mutumin da ake nunawa da yatsa.

Na ji Mai Nasara ya dawo gari, yana ɓoye a ɗakin uwarsa, har ya fara cewa da an ba shi dawaki biyu da tsarinsa bai rushe ba. To, ga abin da nake nema, kuma ba zan rage ko kalma ba.

Ranar Lahadi mai zuwa, lokacin da kasuwa ta cika, mutanen Atantane da na Mayahi suna nan, Mai Nasara ya zo gindin tsamiyar karofi. Ya hau turmin nan da ya hau ya yi wa'azin yaƙi. Salifu ya yi shela, da wani rawanin. Shi kuma Mai Nasara ya faɗa da bakinsa, da ƙarfin da yake ba da labarin dawaki, cewa ba mahara, ba takobi, ba gatari. Ya ce tsohuwa ce, ludayi ne, kuma shi ya jawo. Ya ce Malam Gazali gaskiya ya faɗa tun ranar Talata, a bisa ƙasa da cikin rami. Ya nemi gafarata gaban dattawan da suka ce in ja baya, su ji da kunnensu, in koma gaban sahu da gemuna yadda yake. Ba na son goro a ɓoye, ba na son a aiko kawunsa. A bainar jama'a ya tsoma ni, a bainar jama'a zai wanke ni.

Ya zo da kai a buɗe, hannu ba komai. In yana tsoron a taɓa shi, ya kwantar da hankalinsa, na tanadar masa mai tsaro. Na yi magana da Hindu, ta ce za ta tsaya kusa da turmin har ya gama. Barira ta ce ludayin yana nan.